Gwangwanayen Uwani Mai Kitso

Shekara talatin da 'yan kai, duk wanda ya bi ta wani lungu a bayan Ƙofar Ɗan Agundi da sassafe, ƙarar tsintsiyar Uwani mai kitso zai fara ji kafin ya ji sallamar kowa. Takan share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, ta fito da kujerarta 'yar tsugunno ta dasa a gindin dalbejiya. Daga nan ta wanke mataji da kibiya da ruwan zafi, ta jera su a kan faifai. Kujerar ƙafa uku gare ta, ta huɗun ta karye tun zamanin soja, da rabin bulo aka tokare ta. An sha kawo mata sabuwa tana mayarwa. Wai ita da kujerar sun riga sun san halin juna.

A watan jiya Uwani ta ajiye kibiya. Yatsunta sun ƙage, ba sa iya kama gashi. Ba a yi taro ba, ba a raba goro ba. Har yau ma akwai gidajen da in an ambaci sunanta sai matar gida ta tofar da yawu ta nemi tsari. Mu kuwa mutanen birni mun ƙware wajen yabon mutum ranar da aka ɗauki makararsa. Gara a faɗa yanzu tana ji. An ɓoye lungun, an sauya wasu sunaye. Turai, wadda za a ji labarinta a gaba, ita ce ta ce a bar nata yadda yake, kuma da izininta aka rubuta wannan.

Abin ya faro ne a shekarun da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Baki ya buɗe, kowa ya sami abin faɗa, kowa kuma ya sami wanda yake zargi. In mota mai baƙin gilashi ta tsaya a bakin lungu, 'yan shan jini ne. In aka aiko wa mutum abinci ba dalili, sai ya leƙa ƙasan kwanon. A cikin shekarun nan ne cutar ƙanjamau ta shigo gidaje, ba mai kiran sunanta. Masu kunya su rage murya su ce "ciwon nan", marasa tausayi su ce "kabari kusa".

Wata mata mai suna Asibi ta dawo lungun daga Legas bayan rasuwar mijinta, direban babbar mota. Ta dawo a rame, tana riƙe da 'yarta Turai mai shekara tara, wadda shan inna ya shanye wa ƙafar hagu. Suka sauka a gidan yayanta Malam Ɗanladi, mai sayar da fata a Kasuwar Kurmi, inda mahaifiyarsu Hajo take zaune. Aka ce tari ne yake damun Asibi. Mata suka ce to, amma suka daina zama kusa da ita, makitsa kuma duk suka zama masu uzuri. Uwani ce kawai take ɗora kan Asibi a cinyarta.

Wanda bai sani ba, kitso ba gyaran gashi ne kaɗai ba. Kai yana kan cinya, fuska tana kallon ƙasa, ba ido cikin ido. Maganar da mace ba ta iya faɗa a zaune, a nan take fitowa. A haka Asibi ta gaya wa Uwani sunan ciwonta, ta ce kuma an gwada Turai, da shi aka haife ta. Bayan su, Hajo ce kaɗai ta sani. Ba a yi wata huɗu ba Uwani ta tsefe kan Asibi tsifar ƙarshe, aka yi mata wanka.

Sai aka fara ba da maganin kyauta a asibiti. Hajo ta je ta dangwala yatsa, aka ba ta farar kwalba. Amma ina za ta ajiye? Ɗaki ɗaya take kwana da jikoki biyar, ga surukarta Indo, matar Ɗanladi, wadda ko allura ta faɗi a gidan sai ta san mai ita. Kwalbar kuma baki gare ta, da an taɓa ta sai ƙwayoyin su yi kacau-kacau. Tsohuwa ta ƙulle ta a haɓar zani ta nufi gidan Uwani.

"Ko in gaya wa Ɗanladi kawai in huta?" in ji ta.

Uwani ta ce, "Inna Hajo, yarinyar nan kaya uku aka riga aka ɗora mata. Ga maraici, ga ƙafa, ga sunan da aka laƙa wa uwarta. Yanzu ma ba Turai suke kiranta ba, Gurguwa suke cewa. In aka ɗora na huɗu wuyan karyewa zai yi. Bar kwalbar a nan."

Daga wannan kwalba ɗaya aikin ya tashi. Wata nas ta lura Turai ba ta taɓa tsallake magani ba, ta tambayi dalili, sannan ta riƙa turo wa Uwani kakanni da gwaggonni masu irin wannan damuwa. Uwani ta sanar a lungu cewa za ta ɗauki 'yan mata koyon kitso kyauta, su biyo da safe kafin makaranta, su dawo bayan magariba. Goma sha biyu ta ɗauka, masu ciwo da lafiyayyu a cakuɗe, har da Ummi 'yar Ɗanladi ta cikinsa.

Ga inda hikimar take. Ta tara gwangwanayen madarar gari masu murfi, kowace yarinya da nata. Wani kwalbar asibiti ce a ciki, wani dabino ne da alewa, amma duka an cusa musu auduga, ko an girgiza shiru kake ji. Safe da yamma kowace takan shiga ƙuryar ɗaki ita kaɗai, Uwani ta buɗe mata nata, ta ba ta ruwa a moɗa, ta fito tana goge baki. Ba wadda ta san abin da ke cikin na 'yar'uwarta, domin doka ce: wadda ta faɗa ta bar koyo. Da yake Uwani ba ta yi boko ba, ba ta rubuta suna. Sai ta kitsa ɗan ƙaramin kitso da baƙin zare, irin wanda yarinyar ta fi so, ta ɗaura a wuyan gwangwanin. Wannan shuku, wancan kalaba, wani zane, wani doka. In hasken taga ya sauka a kansu, sai ka rantse wasu 'yan mata ne ƙanana suka jeru a kan kanta sun juya maka baya.

Ba magani kaɗai take bayarwa ba. A gindin dalbejiyar nan 'yan mata suka koyi yadda ake yi ranar da jinin al'ada ya fara zuwa, da yadda ake amsa wa saurayi, da yadda ake ce masa a'a. Tana da bango guda da take auna tsayinsu da gawayi duk bayan sallah. Kuma tana karanta gashi kamar yadda malami yake karanta allo. Turai tana da shekara goma sha huɗu ta gaji, ta riƙa ɓoye ƙwaya a kumatu tana tofarwa a bayan randa. Sati uku aka yi, ran nan Uwani ta tsaga kanta da kibiya, ta tsaya.

"Turai, gashin nan ya kawo mini ƙararki."

"Me ya ce, Baba Uwani?"

"Ya ce yunwa yake ji. Ya ce abincinsa yana bayan randa, ƙadangaru suna ta ƙiba."

Turai ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. "Har yaushe zan yi ta sha? Kuma don me? Wa zai auri gurguwa mai ciwon nan?"

"Har yaushe za ki yi ta cin tuwo? Shi ba ki taɓa tambaya ba. Miji kuwa ba ya ƙarewa a kasuwa. Ki fara ci mini jarrabawa tukun, in ya so mu zauna mu tsefe mazan ɗaya bayan ɗaya, mu ga mai ƙwarƙwata."

Daga ranar sai Turai ta buɗe baki ta ɗaga harshe kafin ta fita ɗakin.

Amma lungu yana da ido, kuma idon lungu ba ya ganin alheri da wuri. Me ake ba yara a ƙuryar ɗaki? Don me koyon kyauta a zamanin da ko gaisuwa ba a yi a banza? Ga shi jifa-jifa Uwani takan ɗauki yarinya ɗaya ta ce za su kitson amarya a bayan gari, su dawo ba ƙamshin turare, ba alawar biki. Wani ɗan acaɓa ya ce ya ga sun sauka a ƙofar asibiti. Sai ran nan Turai ta naɗe hannun riga za ta yi alwala, Indo ta hango auduga manne a gwiwar hannunta, inda aka ɗebi jinin gwaji. Ana gab da zaɓe a lokacin. Kafin la'asar magana ta gama lungu: Uwani tana sayar wa 'yan siyasa jinin yara su yi tsafin cin zaɓe, abin da take ba su a ɗaki kuwa na rufe baki ne.

A zamanin kowane lungu ya kafa kwamitin tsaro, na nan Malam Ɗanladi ne shugabansa. Da yake maza ba sa shiga gidan mace, Indo aka tura da wata maƙwabciya. Uwani tana tsakiyar kitso, hannu duk mai, suka wuce ta suka shiga ƙurya, suka fito da gwangwanaye goma sha biyu a kan tire, suna riƙe da shi nesa da jiki kamar garwashi. Aka dire a kan dakalin ƙofar gidan Ɗanladi. Jama'a suka ga baƙin zare a kitse, suka ja da baya. Gashin yara ne, in ji su. Sammu ne, ba ko tantama.

Abin mamaki, tsoron nan shi ya fara rufa asiri. Ba wanda ya yarda ya buɗe, don kowa ya san wanda ya buɗe sammu a kansa yake sauka. Aka yanke shawara a ƙone su a rufe. Aka tara kara da tsohuwar tabarma, aka kunna wuta.

Uwani ta iso da mayafi a karkace. Ta san abin da ke gabanta. Jiya-jiya aka karɓo maganin wata guda, kuma a lokacin in ya salwanta samun wani kafin ranar da aka rubuta ba ƙaramin aiki ba ne. Ta taɓa ganin yadda jiki yake rushewa in aka yanke. In kuwa ta faɗi gaskiya ta wanke kanta, kafin isha za a gama ƙirga 'yan matan a yatsa, a raba musu kwano, a cire su daga makaranta.

"Uwani, mene ne a ciki?" in ji Ɗanladi.

"Abin da ke ciki ba nawa ba ne, Malam Ɗanladi, balle in faɗa."

"Za ki dafa Alƙur'ani?"

"Zan dafa ban taɓa cutar da 'yar kowa ba. Sauran ba zan faɗa ba, ko ni za ku sa a wutar."

Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko? Mai gaskiya ba ta jayayya da murfi."

Ɗanladi ya miƙa hannu zai ɗauki tiren, sai ga Hajo ta fito tana dogara sanda, Turai tana jan ƙafa a bayanta.

"Maza cike da lungu, gwangwanin madara ya gagare su," in ji tsohuwar. "Ni na tsufa, in sammu ya sauka a kaina ƙashi zai tarar. Uwani, wanne ne na jikata Ummi?"

"Mai kalaba, Inna."

Hajo ta ɓalle murfi, ta zare auduga, ta zazzage a tafin hannu. Dabino huɗu da alewar madara. Ta jefa ɗaya a baki tana mamula da dasashi. Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ce dabinon ai shi aka tofe. Ɗanladi bai yi dariya ba. 'Yan kasuwa sun san nauyin kaya a hannu. Ya mayar da dabinon cikin na Ummi ya ɗaga, ya ɗaga mai shuku, ya ji ba ɗaya ba.

"Wannan na wace ce?"

Turai ta matso gaba. "Nawa ne, Kawu."

Hajo ta ce, "Ɗanladi, in za ka buɗe na marainiya, shigo zaure ka buɗe. Ba a kwance wa 'yar Asibi zani a titi."

Su huɗu suka shiga har da Uwani, aka saki labulen buhu. Abin da ya faru a ciki Ɗanladi ne da bakinsa ya ba da labari bayan shekaru, a rumfarsa ta Kurmi. Ya ce ya buɗe yana karanta duk addu'ar da ya sani, sai ga farar kwalba da tambarin asibiti da sunan Turai. Mahaifiyarsa ta ce, "Ciwon da ya kashe ƙanwarka ba tari ba ne, kai ma zuciyarka ta sani. Wannan shi ya hana shi ɗaukar 'yarta."

Ya ce sai ya zauna a kan turmi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa, wanda har yau yake jin kunyarsa, shi ne, "Kwano ɗaya take ci da Ummi."

Turai ta ce, "Shekara shida ke nan, Kawu. Ko ƙurji Ummi ta yi? Likita ya ce ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a tabarma. In ka ce in koma cin abinci ni kaɗai zan koma. Amma kada ka ƙona. Ina so in rubuta jarrabawa."

Ya jujjuya kwalbar a hannu. Sannan zargin ya sake ɗago kai, ya juya ga Uwani. "Sauran goman fa? 'Ya'yan su wa?"

"An buɗe biyu na gidanka, ka ga abin da ke ciki. Sauran ba gidanka ba ne."

Ya mayar da auduga da hannunsa, ya danne murfi. Da ya fito jama'a suka matso. Ya ce, "An duba. Ba jini, ba sammu. Sha'anin mata ne, ba ruwan kwamiti. A kashe wutar nan." Sai ya cire hularsa, ya ɗora tiren a ka, shugaban kwamiti guda, ya ratsa lungu har ƙofar gidan Uwani. Bayan magariba 'yan mata suka shiga ƙurya ɗaya bayan ɗaya kamar kullum.

Kada mai karatu ya ɗauka a nan aka wanke ta. Washegari cewa aka yi ta shanye Ɗanladi, in ba haka ba yaushe namiji zai ɗauki tire a ka. Amare suka koma wajen wasu makitsa. Aka janye yara huɗu daga koyo. Uwani ta riƙa bin gidajensu duka huɗun da sunan kitson gida, gwangwani a cikin jaka, don kada a gane wadda ake bi dominta. Ɗaya aka kai ta ƙauye inda ƙafar Uwani ba ta kai ba, ba ta ga wata damina ba. Gwangwaninta mai doka yana nan a kan kanta, ba a taɓa ba wa kowa shi ba. Kuma duk tsawon shekarun nan, kalma ɗaya da za ta wanke sunanta Uwani ba ta furta ba. Masu son su zauna yanzu su ƙirga wace ce da wace ce, su huta. 'Yan matan sun watse a duniya, wasu malamai, wasu 'yan kasuwa, wasu iyaye, kuma fuskar mai dabino ba ta bambanta da ta mai kwalba ba.

Uwani, ke ce kika sayi asirin 'ya'yan wasu da mutuncinki. Ke ce aka kira mai shan jini, kika amsa sallama kika ci gaba da kitso. Rumbu mai murfi, uwar waɗanda aka raba wa kwano. Likita ya ba da ƙwaya, amma ke kika san ƙwaya ba ta wucewa a maƙogwaron yarinyar da aka gama gaya wa ba ta da gobe. Mun gode. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka tsaya kallon wutar ranar nan bai ce komai ba, shi ma yana neman gafara. Allah Ya warware yatsun nan, Ya rufa miki asiri duniya da lahira kamar yadda kika rufa na bayinSa.

Saura mu. A kowane lungu akwai yaro ko yarinya da ke ɗauke da kaya uku, ana shirin ɗora na huɗu. Ba sai ka iya kitso ba. Ka ci abinci da shi, ka tambaye shi makaranta, ka riƙe bakinka. In kuma ka ga abin da ba ka gane ba a gidan maƙwabci, ka yi sallama ka tambaya kafin ka nemo ashana.

Turai ta ci jarrabawar. Yanzu ita take zama da matasa masu irin ciwonta a asibiti ranar karɓar magani, da yamma kuma ita ke kan kujera mai ƙafa uku. Ta yi aure, mijin ya san komai tun kafin a kai goro, Ɗanladi ne ya yi walicci. Ranar da Uwani ta ajiye kibiya, aikin ƙarshe da yatsunta suka yi shi ne wani ɗan mitsitsin shuku na baƙin zare, a karkace, da ƙyar ya kamu. Ta ɗaura shi a wuyan sabon gwangwani, ta miƙa wa 'yar Turai mai shekara huɗu, wadda aka gwada sau uku tun tana jaririya. Yarinyar ta ɓalle murfi ta zare auduga. Dabino ne kawai a ciki.